Filin Lafiya: Wa ke riƙe da lissafin aikin zuciya?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan tiyatar zuciya da yadda ake sanin ko aikin yana kyau. Likitocin fiɗa da ma'aikatan adana bayanan asibiti da ke taimaka wa wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 14, an yi masa hoton zuciya a asibitin Shika da ke Zariya aka ce bawul ɗinsa ɗaya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, ya lalace, sai an yi aiki. An ambata mana asibitoci biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Legas, kowanne da mai yabonsa. Gona zan sayar, ba na so in kai shi inda zan yi da-na-sani. Da me ake gane wanda ya fi iyawa? Mahaifi, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Abin da ke amsa irin tambayarka shi ne rajistar aikin zuciya: kundi ɗaya da kowane asibiti ke shigar da duk wanda aka buɗe wa ƙirji, da irin aikin, da yadda ya ƙare. Birtaniya ta fara nata a 1977. A Amurka ƙungiyar likitocin fiɗar ƙirji ta kafa nata a 1989. A Jamus cibiyoyi kusan 80 ne ke aika alƙalumansu duk shekara, aiki wajen 100,000, a buga kowa ya gani.

Kai abin da za ka yi shi ne ka tambayi asibitin baki da baki, kuma ba rashin kunya ba ne. Aikin bawul nawa suka yi a wata 12 da suka wuce, nawa ne a kan yara masu shekarun ɗanka? Ma'aikatansu ne ke yi, ko sai baƙi sun zo? Mutum nawa suka rasu cikin kwana 30? Ka riƙe wannan kwana 30 ɗin da kyau, domin ma'aunin da duniya ta yarda da shi ke nan: duk wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan aiki, ko a gadon asibiti ko a gida, da wanda ya wuce kwana 30 amma bai taɓa barin asibitin ba har ya cika. Wanda ya ce maka "duk mun sallame su lafiya" bai amsa ba tukuna.

Kada kuma ƙaramin adadi ya ruɗe ka. Asibitin da ya yi aiki 20 ya rasa mutum 1, kashi 5 cikin 100 ke nan. Da ya rasa 3, ya koma kashi 15, alhali bambancin mutum biyu ne kacal. Masana lissafi suna da wata ƙa'ida: idan an yi aiki 30 babu wanda ya mutu, haɗarin gaskiya zai iya kaiwa kashi 10 cikin 100; sai an yi 300 babu mutuwa sannan za a ce bai wuce kashi 1 ba. Shi ya sa yawan aiki ke da nauyi. Tawagar da ke shiga ɗakin tiyata kowane mako, daga mai kula da injin zuciya-da-huhu, wanda ke yin aikin zuciya da huhu a madadinsu lokacin tiyata, har nas ɗin dare, hannunta ya fi faɗawa a kan wadda ke haɗuwa sau biyu a shekara. Sannan ka tambaya ko bawul ɗin zai gyaru ba sai an sa na ƙarfe ba, don ga yaro wannan ya canza rayuwarsa gaba ɗaya.

TAMBAYA: Ɗaliba ce ni, ina karatun adana bayanan lafiya. Mene ne ainihin abin da ake cikewa a irin wannan rajista, kuma a ina aka fi yin kuskure? Ɗaliba, Unguwar Rimi.

AMSA: 'Yar'uwa, fom ɗin kashi uku ne. Kafin aiki: shekaru, jinsi, nauyi da tsawo, ciwon suga, ƙarfin ƙoda, ƙarfin bugun zuciya yadda hoton zuciya na eko ya nuna, hawan jinin huhu, ko an taɓa buɗe ƙirjin a baya, ko aikin gaggawa ne ko na shiri. Lokacin aiki: me aka yi, wane bawul aka sa da lambarsa da girmansa, minti nawa majiyyaci ya yi a kan injin zuciya-da-huhu, minti nawa aka matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ledar jini nawa aka ƙara. Bayan aiki: awa nawa a kan injin numfashi, kwana nawa a ɗakin kulawa ta musamman, ko an koma da shi tiyata saboda zubar jini, ko ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko ya kai ga wankin ƙoda, ko ɗinkin ƙirji ya ruɓe, sannan rai ko mutuwa a kwana 30.

Kashi na farko ne ake rainawa, kuma shi ne ginshiƙin adalci. Da shi ake lissafa haɗarin kowane majiyyaci tun kafin a taɓa shi. Ma'aunin da aka fi sani shi ne EuroSCORE, wanda ya fito a 1999. Na biyunsa an gina shi a kan majiyyata sama da 22,000 daga asibitoci 154 da aka tattara a 2010. Ana haɗa haɗarin duk majiyyatan asibiti a samu mutuwar da ake tsammani, sai a raba wadda ta auku da ita. A ce ana tsammanin 8, aka samu 6: sakamakon 0.75 ne, asibitin ya yi ƙoƙari. Wani ana tsammanin 2 ya samu 4: sakamakonsa 2.0, akwai abin dubawa, ko da yake a ido gawarsa ba ta kai ta na farko yawa ba.

Sai dai ma'aunin nan rigar aro ce a wurinmu. An yanka ta a jikin dattawan da yawancinsu sun haura 60, masu toshewar jijiyoyin zuciya. Namu majiyyatan matasa ne da ciwon makogwaro na ƙuruciya ya cinye wa bawul, sun zo a makare, hanta ta kumbura, jiki ya rame, wani ga sikila. Sikila ba ta cikin ma'aunin ko kaɗan. Maganin wannan ɗaya ne: mu tara namu bayanan har su isa a gyara ma'aunin da su.

Kurakurai kuwa sanannu ne. A bar fom sai ƙarshen wata a cike shi da ka. Wani ya rubuta gwajin ƙoda da ma'auni ɗaya, wani da wani, ba a nuna wanne ba. Tsakanin ma'aunan biyu akwai ninki 88, don haka lamba ɗaya za ta iya mai da lafiyayye mai ciwon ƙoda. A bar gurbi fayau, kwamfuta ta ɗauka "babu ciwon" ne, majiyyaci ya fito da sauƙi fiye da yadda yake, asibiti ya cuci kansa. Mutum ɗaya ya shiga sau biyu, yau Muhammadu gobe Mamman. Mafi muni shi ne wanda ya rasu a kan tebur a ƙi buɗe masa fom. Hanyar kama wannan: duk wata a ɗauki littafin ɗakin tiyata da na mai injin zuciya-da-huhu a gwada da rajista, layi bayan layi. Duk shekara kuma wani daga waje ya zaɓo fayil ɗaya cikin goma, ba tare da asibitin ya zaɓa masa ba, ya duba ko abin da ke takarda shi ke kwamfuta. Manhaja ba ita ce matsala ba. Akwai irin su REDCap da jami'o'i da asibitoci ke samu kyauta. Abin da ke kashe rajista shi ne rashin ma'aikaci ɗaya da aikinsa ke nan, da albashinsa.

TAMBAYA: Ni dai gani nake wannan duk aikin takarda ne. Rubutu ya taɓa ceton rai? Kuma ai ajali in ya zo babu makawa. Direba, Rigasa.

AMSA: Ajali gaskiya ne, Malam, amma ko kai kana duba birki kafin ka hau hanyar Abuja. Ga misali biyu. A jihar New York ta Amurka an fara tattara sakamakon aikin jijiyoyin zuciya a 1989, daga baya aka riƙa bayyana shi. Zuwa 1992 mace-macen, bayan an yi la'akari da nauyin ciwon majiyyata, sun ragu da kashi 41 cikin 100. A Bristol ta Ingila kuwa, kwamitin bincike da ya ba da rahoto a 2001 ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 sun rasu bayan tiyatar zuciya fiye da yadda za a yi tsammani a wata cibiya irinta. Likitan sa barci, Stephen Bolsin, shi ya riƙa tara alƙaluman da kansa. Bayanan suna nan tun da wuri, mai dubawa ya ɗauki mataki ne aka rasa.

Akwai illa, ba za mu ɓoye ba. Idan aka buga sunan kowane likita da yawan mamatansa, wasu sukan guji majiyyaci mai tsanani don kada lissafinsu ya ɓaci. A ƙasar da likitocin fiɗar zuciya ba su da yawa, ra'ayinmu shi ne a buga sakamakon asibiti, ba na mutum ɗaya ba.

TAMBAYA: Yaushe aka fara aikin zuciya a Nijeriya, kuma me ya sa lissafin namu ke da wuyar haɗawa? Malamin makaranta, Malali.

AMSA: An yi na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu a watan Fabrairun 1974, Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa tare da Magdi Yacoub da ya zo daga Ingila. Daga nan aikin ya yi ta tafiya yana tsayawa. Yau akwai ƙungiyar likitocin fiɗar zuciya da ƙirji ta ƙasa, ACTSON, kuma irin wannan ƙungiya ce ta kafa rajista a ƙasashen da muka ambata.

Wahalar tamu ta fuska uku ce. Aiki da yawa baƙin likitoci ne ke zuwa su yi na mako ɗaya ko biyu. Idan ba a rubuta tun farko cewa asibitin da ya karɓe su ne zai shigar da bayanan ba, lissafin ya bi su jirgi. Na biyu, waɗanda suka tafi Indiya ko Masar ba sa cikin littafin kowa a nan, amma idan bawul ya toshe asibitocinmu za a kawo su. Na uku, rajistar aiki tana ƙirga wanda ya samu shiga tiyata ne kawai. Cikin kowace haihuwa 1,000, jarirai kusan 8 na zuwa da matsalar zuciya. Rajista mai amfani ga Kaduna sai ta haɗa da jerin masu jira: ranar da aka ce a yi aiki, da dalilin da ya hana, da wanda ya rasu yana neman kuɗi. Da wannan jerin ne za a iya zuwa gaban gwamnati ko hukumar inshorar lafiya a ce ga girman buƙata.

TAMBAYA: Likita, shekara biyu ke nan da aka sa mini bawul na ƙarfe. Har yanzu asibitin na kirana suna tambayoyi, har da ko ina da ciki. Maigidana ya fara ƙorafi. Dole ne in amsa? Ina suke kai maganar? Uwargida, Kawo.

AMSA: Hajiya, ki yi wa asibitin nan addu'a, don kiran nan shi ne ɓangaren da ya fi wuya kuma aka fi watsarwa. Kwana 30 na nuna ƙwarewar tiyata. Shekara ɗaya da shekara biyar su ke nuna ko aikin ya amfane ki. Wani bincike mai suna REMEDY ya bi majiyyata 3,343 masu ciwon bawul irin na makogwaro a ƙasashen Afirka 12, da Nijeriya a ciki, da Indiya da Yemen. Matsakaicin shekarunsu 28, kuma cikin shekara biyu kusan kashi 17 cikin 100 sun rasu. Ba don an bi sawunsu ba, da babu wanda zai san haka.

Tambayoyin suna da dalili. Mai bawul na ƙarfe tana shan maganin tsinka jini mai suna warfarin har abada, kuma gwajin INR ne ke nuna tsinkewar jinin. Ga bawul ɗin mitral, wanda ke tsakanin ɗakunan zuciya biyu na hagu, ana so ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5, ga na babbar jijiya yawanci 2.0 zuwa 3.0. Ya yi ƙasa, gudan jini ya maƙale bawul ko ya tafi ƙwaƙwalwa. Ya yi sama, haɓo da zubar jini. Ganye irin alayyafo da zogale na rage ƙarfin maganin, don haka ba hana ki aka yi ba, ki dai daidaita yawan da kike ci, kada yau kwano guda gobe babu. Jiƙe-jiƙe da maganin ciwon jiki na kemis kuwa sai da sanin likita. Maganar ciki ita ce mafi girma: warfarin na iya taɓa halittar ɗan tayi tsakanin mako na 6 da na 12, shi ya sa ake so a san da niyyar tun kafin a ɗauka, a tsara magani. Ki tafi da Alhaji ganin likita na gaba ya ji da kunnensa.

Sirrinki kuma doka ta kare shi: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Abin da ke tafiya babban kundi lamba ce, sunanki na zama a asibitin. Kina da damar tambayar wa ke gani, kina da damar cewa a cire ki daga bincike ba tare da an rage miki kulawa ba. In kin yarda a ci gaba, ki ba su lambar waya uku: taki, ta maigida, da ta wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya kuke ba, haɗe da sunan unguwa da masallaci ko makarantar da ke kusa. Katin bawul ɗinki da littafin INR su zauna a jakarki, kuma ranar da kika canza layi ki kira su ki faɗa.