Takardar filin da aka turo maka daga gida

Wani ɗan'uwa da ke aikin tuƙi a Jidda ya rubuto cewa ƙanensa ya saya masa fili a Kano da kuɗin da ya daɗe yana turawa, sannan ya aiko masa da hoton wata takarda mai taken Deed of Assignment. Da ya duba ƙamus sai ya tarar kalmar deed tana nufin aikin da mutum ya aikata, nagari ko mugu, shi ne yake tambaya ko takardar daidai take da sak, wato takardar mallakar fili da Ma'aikatar Shari'a take bayarwa a nan Saudiyya.

Malam, ƙamus bai yi kuskure ba, sai dai a wurin lauyoyi kalmar tana nufin takardar da mutum ya sa wa hannu a gaban shaidu domin ya ɗaure kansa da abin da ke cikinta, ko sayarwa ce, ko kyauta, ko jingina. Taka tana shaida cewa mai filin ya miƙa maka haƙƙinsa, iyakarta ke nan. Ba gwamnati ce ta rubuta ta ba, kuma idan mai sayarwar ba shi da haƙƙin tun asali, to babu abin da ya miƙa maka.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa kuwa izinin zama ne, wanda yawanci shekara 99 ake rubutawa a takardar shaidar mallaka. Sashe na 22 ya hana miƙa wannan izini ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada haka a 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Saboda haka sai an nemi wannan amincewa, an biya harajin hatimi, an yi wa takardar rajista, kafin hankalinka ya kwanta. Sa hannun mai unguwa da dillali yana da amfani wurin shaida, amma ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan da ke kanta. Ka faɗaɗa hoton, ka duba wurin mai saye: sunanka ne cikakke kamar yadda yake a fasfo, ko na ƙanenka? Ba zargi ba ne, amma rai na hannun Allah, kuma filin da ke ɗauke da sunansa zai iya faɗawa cikin gadon 'ya'yansa.

Ka ɗauki lauyanka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya bincika lambar filin a KANGIS, wato hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Jihar Kano, ya tabbatar ba a jinginar da shi ba, kuma babu rikici a kansa. Idan ƙanenka zai sa hannu a madadinka, ka rubuta masa takardar wakilci wadda ta taƙaita ga wannan fili kaɗai, ka kai a tantance ta a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda kafin ka aika da ita.