Amsar Anti ga ƙanwarmu: abin da ya kai ni aikin gyaran magana

(An rubuto daga muryar da Anti ta ajiye a zaure daren jiya, saboda waɗanda ba su da datar sauraro.)

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da dare, ya gajiyar aiki. Ku yi haƙuri, tun da rana na ga saƙon ƙanwarmu, ina tare da marasa lafiya ne shi ya sa ban amsa ba, kuma abin ya fi ƙarfin rubutu, gara na yi murya.

Ga waɗanda ba su gani ba, ƙanwarmu ce ta ce tana sha'awar karanta fannin da nake ciki, wato gyaran magana, amma Baba ya ce mata wane irin aiki ne koya wa mutum magana, ai yaro da kansa yake buɗe baki, gara ta nemi aikin jinya ko harhaɗa magunguna. Shi ne ta ce in gaya mata tsakani da Allah me ya ja ni, kuma ko akwai abin yi a ciki.

To ƙanwata, da farko kada ki ga laifin Baba. Yawancin iyayenmu ba su taɓa haɗuwa da mai wannan aikin ba, to me za su auna shi da shi? Ni kaina sai da na girma na san akwai shi.

Abin da ya ja ni, kawuna ne, Allah Ya jiƙansa. Ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, mutum mai baki, in ana rigima a dangi shi ake kira ya sasanta. Hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Abu ɗaya ya rage a bakinsa: "to madalla". Yana jin ƙishirwa, to madalla. Yana jin zafi, to madalla. Ransa ya ɓaci har jijiyar wuyansa ta tashi, abin da zai fito shi ne to madalla. An kai shi gashi, alhamdulillahi ƙafa ta ɗan dawo, yana takawa da sanda. Amma maganar babu wanda ya taɓa ta, an ce sai dai addu'a. Wasu suka ce jifa ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu.

Abin da ya fi ci mini rai, kuma har yanzu in na tuna sai na ji shi a ƙirjina, shi ne yadda aka mayar da shi. Za a zauna a ɗakinsa, a gabansa, a yi maganar shagonsa, a yi maganar bashin da ake binsa da wanda yake bi, har auren 'yarsa, kamar ba ya wurin. In an gama sai a juyo a ce, "Alhaji, haka ne ko?" Ya ce to madalla. A ce kun ji ya yarda. Alhali hawaye ne ke zuba a idonsa, yana dukan katifa da hannun hagu. Ni ce mai kai masa kunu a lokacin, ina ganin idonsa, na san mutumin nan yana gane abin da ake cewa. Amma ni yarinya ce, wa zai saurare ni? Kuma ga wani abin mamaki, in aka tayar da sallah ko aka ja masa Fatiha, sai ya bi ta tiryan-tiryan har ƙarshe. Wannan ma sai ya zama hujjar masu cewa iska ce, wai ta yaya mai iya karatu zai kasa cewa a ba shi ruwa.

Sai bayan shekaru, ina aji a Ibadan, aka karanta mana labarin wani likitan Faransa, Paul Broca, wanda a 1861 ya duba wani majiyyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", amma yana fahimtar yawancin abin da ake gaya masa. Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka ga inda ya lalace a ɓangaren hagu, ta gaba. Ɓangaren hagu shi ne ke riƙe da harshe a wurin mafi yawan mutane, kuma shi ne ke juya ɓarin jiki na dama, shi ya sa za ki ga wanda damansa ya shanye shi ne ya fi rasa magana. Wallahi a ajin nan na kifa kai na yi kuka. Ashe abin kawu yana da suna, afeshiya, an san shi sama da shekara ɗari da hamsin, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda jikinsu ya shanye suna samunsa. Hankalin yana nan. Kamar mai kaya ne cike da sito amma makulli ya ɓace masa. Karatun Fatihar ma an san dalilinsa: abin da mutum ya haddace ya maimaita dubban sau, da abin da ake rerawa, sau da yawa yana tsira ko da sauran maganar ta rushe. Yau da wannan nake fara aiki da dattawanmu. Mu ja ƙirge, ɗaya, biyu, uku, mu ja ranakun mako, mu ja salati, daga nan mu lallaɓa zuwa "ruwa", zuwa sunan matarsa, zuwa "a'a". Ni a wurina ranar da dattijo ya iya cewa "a'a" da bakinsa, ko ya nuna ta a kan allon hotuna kowa ya gane, ranar ya karɓi gidansa.

Wani abu kuma da mutane ba su san yana cikin aikinmu ba shi ne haɗiya. Kawu kullum sai ya ƙware in yana shan ruwa, muryarsa ta yi kamar akwai ruwa a maƙogwaro, mu kuwa sai mu bubbuga masa baya mu ci gaba da ba shi, wani lokacin ma yana kishingiɗe. Ciwon huhu ne ya zama ajalinsa. Kwana ya ƙare, wannan babu ja, amma yanzu na san abinci da ruwa na iya sulalewa su bi hanyar iska su tara ciwo a huhu. Don haka duk mai jinyar irin wannan a gida, ku zaunar da shi sosai kafin ku ba shi komai, kaɗan-kaɗan da cokali, kada a ɗura masa, a riƙa wanke masa baki, in yana yawan ƙwarewa ku gaya wa likita a duba haɗiyar tasa.

Sai yara. Kafin na tafi ƙaro karatu na koyar a Islamiyya, a nan na ga abin da ake yi wa masu in'ina. Yaro in ana karatu baki ɗaya, muryarsa har ta fi ta kowa fita. A ce ya tashi ya kawo hadda shi kaɗai, sai ya maƙale a harafin farko, ido ya rufe, ƙafa na dukan ƙasa. Sai a ce ai da gangan yake yi, ba yanzu muka ji shi yana karantawa ba? Bulala. Alhali haka in'ina take, mafi yawan masu ita in suna rera abu ko suna faɗa tare da wasu sai ta sake su. Kusan yara biyar cikin ɗari suna yin ta a wani lokaci, galibi tsakanin shekara biyu zuwa biyar, yawancinsu ta wuce, ta zauna wa kamar mutum ɗaya cikin ɗari, kuma maza sun fi yawa nesa. Tana bin jini a gidaje da yawa. Ba a ɗaukarta don an kwaikwayi mai yi, kuma tsawa ba ta korar ta, sai dai ta koya wa yaro tsoron buɗe baki. Na ga manyan mutane masu ilimi da suka ƙi neman aikin da suka cancanta, suka ƙi zuwa zance, saboda abin da aka yi musu a aji. Mu da muke karanta addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, a cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Allah Ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, bai kamata a ce a makarantunmu ake dukan yaro saboda nauyin harshe ba. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai. Ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan in'ina a duniya, malamanmu na wannan zaure don Allah ku riƙe ta.

To yanzu dalilin da ya sa nake son ke musamman ki shigo, ba wata ba. Wannan aiki da harshe ake yinsa, kuma harshen da mutum yake tunani da shi. Mai gashi zai iya motsa ƙafar Bahaushe ko bai ji Hausa ba. Ni kuwa ta yaya zan dawo wa tsohuwa daga ƙauye da maganarta da Turanci? Yawancin abokan aikinmu a ƙasar nan suna Legas, Ibadan da Abuja, mutanen kirki ne masu ƙwazo, amma kaɗan ne ke jin Hausa. Kayan gwajin da muka yi karatu da su kuma daga Ingila da Amurka aka tsara su, hotunan ciki wasu yaronmu bai taɓa ganinsu ba, sai ya faɗi gwaji ba don yana da matsala ba. Babu ƙ a cikinsu, babu ɗ, babu ɓ, babu ts, ba su san muna da ra iri biyu ba, ba su san ɗaga murya da sauke ta ko jan wasali yana canza ma'ana a wurinmu ba. Ni da hannuna nake yanka hotuna, tulu, ƙwarya, tsintsiya, ɗankwali, in manna a kwali. Aikin tantance shekarun da yaron Bahaushe ke kama kowane sauti yana jiran masu yi, kuma 'ya'yan Hausawa ne za su yi shi.

Ga kuma masu buƙata, sun fi ƙarfinmu. Muna cikin yankin sanƙarau, manyanmu suna tuna annobar 1996, kuma sanƙarau na barin yaro da kurumta. Ƙyanda haka, shawarar jarirai in ta yi tsanani haka, kunne mai zubar ruwa da aka bari haka. Yaron da ba ya ji ba zai kama magana ba, sai a ce masa bebe a ajiye, alhali da an gwada kunnen da wuri, a sa masa na'urar ji in za ta yi amfani, ko a fara masa maganar hannu tun yana ƙarami, da ya tashi da harshe. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano. Ga yaran da ake haifa da tsagewar leɓe ko ganɗa, kusan ɗaya cikin ɗari bakwai. Ƙungiyar Smile Train na ɗaukar nauyin ɗinkin kyauta a asibitoci da dama, amma bayan ɗinki yaro da yawa iska na ci gaba da fita masa ta hanci, ko ya riga ya saba furta sauti daga maƙogwaro, sai an zauna da shi an koya masa. Haka yaran da ake yi wa aiki a asibitin ciwon noma na Sakkwato, wato ciwon nan da ke cin naman baki da fuskar yara, ci da magana duk sai an sake koyo. Ban ma taɓo masu otizim ba, wato waɗanda mu'amala da magana da mutane ke yi musu wuya tun suna ƙanana, da malamai da limamai masu dashewar murya.

Maganar abin yi kuwa, ba zan yi miki daɗin baki ba. Guraben gwamnati kaɗan ne, asibitoci da yawa ba su da ko kujerar wannan aikin, sai ka yi ta bayanin kanka har ga wasu ma'aikatan lafiya. Iyaye za su zo suna jiran allura ko kwalbar magani, su ga kin shimfiɗa tabarma kina wasa da yaro da murfin kwano, wasu ba za su dawo ba. Ci gaban a hankali yake zuwa, wata da watanni, wani kuma ba zai dawo yadda yake ba, dole ki iya gaya wa iyali haka cikin tausasawa. Kuma rabin aikin uwa kike koya wa, domin ita ce ke tare da yaron dare da rana. Amma wanda ya iya aikin ba ya zama haka nan, makarantu masu zaman kansu na nema, asibitocin kuɗi na nema, ƙungiyoyi na nema. Ni dai alhamdulillahi ina cin halalina, kuma ina kwana da natsuwa.

Ta fuskar karatu, ni ta ilimin masu buƙata ta musamman na bi, akwai sashen a Bayero da Jos, sannan na tafi Jami'ar Ibadan na ƙware a ji da magana. Bayan nan sai rajista da hukumar da ke kula da masu aikin farfaɗo da marasa lafiya, MRTB, ita ce dai ke yi wa masu gashi rajista. Kafin ki cike JAMB ki tabbatar hukumar ta amince da kwas ɗin da za ki zaɓa, kada ki gama a ce ba za a ba ki lasisi ba. In kin samu hutu ki zo ki wuni da ni a wurin aiki, ki gani da idonki, in iyayen yaran sun yarda. Baba kuma ki bar ni da shi, zan kira shi in gaishe shi, mu yi magana ta manya, ke dai kada ki yi masa musu.

Maman 'yan biyu, na ga taki tambayar ita ma, kan yaron da ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba. Kada ki jira wai babansa ma ya yi jinkiri, kuma kada a kai shi wurin wanzami a yanke linzami, da wuya ya zama shi ne dalili. Jin Hausa da Fulatanci a gida ɗaya ma ba ya hana yaro magana, ku ci gaba da yi masa duka biyun. A fara da gwajin kunne a wannan makon, ki rage masa waya, ki yawaita hira da shi ido cikin ido. In sakamakon ya fito ki turo mini ta gefe mu ga abin da za a yi. Sai da safenku, a gaida yara.