Ruwan tafkinmu ya koma kore, mai gyara ya ce a dama kulorin da asid

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Muna da ɗan tafkin ninkaya a bayan gida, tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, yara ne suka fi shiga. Tun da damina ta kankama ruwan ya koma kore kamar miyar kuka, bangon yana santsi, alhali kullum sai an zuba kulorin, ga ƙwayoyin kulorin nan da ke yawo a cikin robarsu, har warin na hawa kai. Shekaranjiya autana ya fito idanunsa jawur. Yaron da ke mana gyara ya ce hodar kulorin ce ba ta da ƙarfi, zai zo da asid ya dama su tare a bokiti kafin ya zuba, wai haka ake yi a otal-otal. Hankalina bai kwanta ba. In bar shi?

Wata uwa, daga GRA, Katsina

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bar shi. Ki kira shi yau, tun kafin ya kamo hanya, ki ce masa kada ya kuskura ya haɗa waɗannan abubuwa biyu a mazubi ɗaya a gidanki ko a gidan kowa. Yara kuma su haƙura da shiga ruwan sai ya washe.

Wannan magana ta "a dama su tare don su yi ƙarfi" ta ishe ni. Kusan duk gidan da aka kira ni sai na tarar da wani ya taɓa faɗa musu ita, kuma kullum da otal ake kafa hujja. Babu otal mai hankali da ke yin haka. Idan asid ya haɗu da hodar kulorin, abin da ke tashi iskar kulorin ce zalla, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a shekarar 1915. Launinta rawaya-rawaya ne mai ɗan kore, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau biyu da rabi. Saboda nauyin nan ba ta tashi sama ta watse da wuri, kwanciya take yi a ƙasa, a bakin tafki, a cikin ɗakin injin tace ruwa. Wa ya fi kusa da ƙasa a gidanki? Wannan autan naki, da duk yaron da zai rugo ya leƙa ya ga me ake damawa. Tana ƙona ido da maƙogwaro, tana iya tara ruwa a huhu, kuma wani lokaci sai bayan awanni numfashi yake sarƙewa, ana ganin kamar abin ya wuce.

Abin takaici, shi mai gyaran da ya ga bokiti na tafasa yana hayaƙi sai ya ce ai ga shi maganin ya kama. Wannan hayaƙin shi ne kulorin ɗin da kuka saya da kuɗinku, yana ficewa zuwa huhunsa maimakon ya shiga ruwa. An yi asarar kaya, an saka rai cikin haɗari, gansakuka kuwa tana nan daram.

Haɗarin bai tsaya kan asid ba. Kin ce kuna da ƙwayoyi kuma kuna da hoda. Mutane suna ɗauka tunda duk kulorin ne, ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ba haka ba ne. Hodar, irin su HTH, sinadari ne daban mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Ƙwayar kuwa mai kusan kashi 90 ce, kuma ita kanta tsami gare ta irin na asid. In suka haɗu da ɗan danshi sukan yi zafi, su kama da wuta, har mazubin ya fashe. Na sha shiga ɗakin inji na tarar da ludayin roba guda ɗaya ake ɗiban komai da shi, murfin bokitin hoda a buɗe, jarkar asid a jingine da shi, ga galan ɗin man janareto a gefe, ƙarfen ƙofa da kan famfo duk sun ci tsatsa saboda tururin da ke tashi dare da rana. A irin wannan ɗaki wani maigadin yake shimfiɗa tabarmarsa in ana ruwa. Ki shiga naki da kanki ki duba. Kowane sinadari da ludayinsa, kowanne da kusurwarsa, a rufe ruf, nesa da mai, a kuma sa kwaɗo a ƙofar. Wasu kuma don neman arha har ruwan batir suke sayowa su tuttula. Wannan ma ki hana. Idan tsautsayi ya sa wani ya shaƙi iskar kulorin, a fitar da shi fili inda iska ke kaɗawa, a wanke masa ido da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, a wuce asibiti. Ba a tsayawa ba shi madara ko manja ana jiran ya warware.

Yaron bai yi ƙarya ba da ya ce kulorin ɗinku ba ya aiki, dalilin ne bai sani ba. Kuma warin da kike ji ba alamar yawansa ba ce. Ruwa mai kyau kusan ba ya wari. Wannan mai hawa kan yana fitowa ne idan kulorin ya haɗu da zufa da fitsari da dattin jiki ya riga ya gaji, kuma shi ne ke jan idon yara. Abubuwa biyu nake zargi. Na farko pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru. Ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6. A 7.5 kusan rabin kulorin ɗin ne ke aiki sosai, in ya kai 8 bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, ita kuma hodar tana ɗaga pH ɗin kaɗan-kaɗan. A nan ne asid yake da amfani don sauke pH, amma shi kaɗai. Na biyu, ƙwayoyin nan suna barin wani sinadari a ruwa mai kare kulorin daga rana. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 ana buƙatarsa, domin ba tare da shi ba rana na cinye yawancin kulorin cikin 'yan awanni. Sai dai 30 zuwa 50 ppm (wato kashi 30 zuwa 50 cikin miliyan) ya isa. Ba ya ƙarewa da kansa, taruwa yake yi, kuma in ya doshi 100 sai ya danne kulorin ɗin, ki yi ta zubawa gansakuka na yaɗuwa. Maganinsa ɗaya ne, a zubar da wani ɓangare na ruwan a cika da sabo. Ga damina kuma, kowane hadari na watan Agusta yana zubo ƙura da ganyen bedi da ruwan da ya wanko daɓe, duk abincin gansakuka ne.

Saboda haka ki sayi kayan gwaji, ko da na takarda ne mai nuna kulorin da pH da wannan mai kare rana. Wanda ya zo gyaran tafki ba shi da abin gwaji a aljihunsa, da ido da hanci kawai yake aiki, ki sallame shi cikin mutunci.

Yadda za a yi kuwa: a kwashe ganye, a goge bango da ƙasa da buroshi sosai, musamman lungun matakala. A sauke pH zuwa wajen 7.2. A cika bokiti da ruwa tukuna sannan a zuba asid a cikinsa, ba a zuba ruwa a kan asid, kuma da safar hannu da tabarau. A zagaya da shi ɓangare mai zurfi injin yana aiki, a bar shi ya gauraya na awanni. Bayan magariba, da wani bokitin daban mai tsabta, a narka hoda a ruwa a zuba. Idan matsakaicin zurfin tafkinki ya kai mita 1.25, ruwansa lita 40,000 ne, kuma kimanin giram 600 na hodar zai ɗaga kulorin da 10 ppm. Washegari a gwada, in kulorin ya faɗi a ƙara, a sake gogewa, a ci gaba har koren ya koma fari-fari sannan ya washe. A kwanakin nan dole injin ya yi ta aiki dare da rana, a riƙa juya matatar yashi ana wanke ta. Na san halin wuta, na san kuɗin mai, amma ruwan da ke tsaye ba ya gyaruwa ko buhu nawa aka zuba masa. Bayan ruwan ya warke ma yana son injin ya yi aikin kimanin awa 8 a kullum, kuma da yake da rana aka fi buƙata, sola tana ɗaukar wannan nauyin da kyau.

Wani abu da kan rikita mutane: in kun cika da ruwan burtsatse, kuka zuba kulorin, nan take ya koma kore ko ruwan ƙasa amma garau ana ganin ƙasansa kuma bango ba santsi, wannan ƙarfe ne da ke cikin ruwan, ƙarin kulorin ba ya maganinsa. Naki mai santsi ne, gansakuka ce.

Yara su koma ruwa idan kulorin ya sauko tsakanin 1 da 3 ppm, pH ya daidaita, kuma kina tsaye a baki kina ganin magudanar da ke can ƙasan ɓangare mai zurfi sarai. Wannan sharaɗin na ƙarshe ba na sassauta shi ga kowa, domin a ruwa mai duhu yaro na iya nutsewa manya na zaune a gefe ba su gan shi ba. Su riƙa watsa ruwa su kuma zaga bayi kafin su shiga. Idon autan ki wanke masa da ruwa mai tsabta, in jan bai tafi ba ko ya fara kwantsa, ki kai shi likita ya duba.