Yayanmu Ya Hana a Raba Gidan Gado

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a cikin birnin Zariya, mahaifiyarmu ta riga shi. Mu huɗu ne, maza biyu, mu mata biyu. Gidan ɗaki uku ne da zaure da rijiya. Ina son haƙƙina, amma Yaya ya ce gidan uba ba a taɓa shi. Yana da ikon hana ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan iyayenku. 'Yar'uwa, ba shi da wannan ikon. Bayan biyan bashi da wasiyya, gidan kashi shida ne: kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce rabo ne yankakke, dukiyar ta yi kaɗan ko ta yi yawa.

Mafi sauƙi ku daidaita a tsakaninku. Ku kira masu kimanta gida amintattu su yi masa kuɗi, Yaya ya biya ki kashi ɗaya cikin shida, ya riƙe gidan da yake ƙauna. Ko ku sa haya ku riƙa raba kuɗin.

In ya ƙi, sai kotun shari'a. Alƙali zai fara duba ko gidan na rabuwa. In yana rabuwa, a daidaita kason da ƙima, a jefa ƙuri'a. To amma ɗaki uku da zaure ɗaya, ta ina za a fitar miki da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, mai ƙofarsa? Imam Malik yana ganin a raba ko da kason ya ƙanƙanta, ɗalibinsa Ibnul Ƙasim ya ce ba a rabon da zai lalata amfanin abu, saboda hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Nan na fi karkata. Sai a sayar da gidan gaba ɗaya a raba kuɗin, kuma Malikiyya suna tilasta wanda ya ƙi idan sayar da kasonki shi kaɗai zai karya masa daraja.

Kada ki yi fushi ki sayar wa bare a ɓoye. 'Yan'uwanki suna da haƙƙin shuf'a: su biya abin da mai saye ya biya su karɓe, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Jabir game da abin da ba a raba ba.

In gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, Dokar Filaye ta 1978 ta shardanta amincewar gwamna kafin a sauya suna. A rubuta komai gaban shaidu. Wallahu a'alam.