Wata shida ina wahala a wasa, wani ya zo da kuɗi ya wuce ni a mako guda

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa:

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina gyaran waya a kasuwa. Wata shida ke nan ina buga wani wasan intanet a waya, irin wanda dubban mutane ke haɗuwa a duniya ɗaya, kowa da jaruminsa. Kyauta ake shiga. Kullum bayan Isha'i nakan zauna ina tara kaya da ƙara mataki. Kwanan nan wani ya shigo ƙungiyarmu, cikin mako guda ya sayi makaman da ni ban kai ga rabinsu ba, ya kuma kayar da ni sau uku a jere. Abokaina sun ce in tura kuɗi ta waya in sayi akwatunan sa'a. Me ya sa ake gina wasa haka? In sa kuɗin ne, ko in nemi wani wasan?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ka ba kuskure ba ne a ginin wasan. Da gangan aka tsara shi haka, kuma takaicin da ka kwana da shi yana cikin lissafin masu wasan tun kafin ka sauke shi a wayarka.

A farkon al'amari ba haka ake cin kuɗi ba. Lokacin da Ultima Online ya fito a 1997, sai EverQuest a 1999, sai World of Warcraft a 2004, tsarin guda ne: ka sayi wasan, ka riƙa biyan kuɗin wata. Da zarar ka shiga, ɗan attajiri da ɗan talaka takobi ɗaya suke farawa da shi. World of Warcraft ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010 da wannan tsari. Sai dai kuɗin watan nasa a Turai a lokacin kusan Yuro 13 ne, wato sama da sefa 8,000, ga kwamfuta mai ƙarfi, ga wutar da ba ta ɗaukewa. Mutum nawa ne a Garwa ko Marwa zai ɗauki wannan nauyi don wasa? Shi ya sa ba na cikin masu zagin wasan kyauta baki ɗaya. Ba don shi ba, da yawancin yaranmu ba su taɓa leƙa irin wannan duniya ba.

Amma kamfani ba ya ciyar da ma'aikata da manyan kwamfutoci da "na gode". Idan ƙofa kyauta ce, to akwai shago a ciki, kuma duk muhawarar masu tsara wasa ta shekarun nan a kan kayan wannan shagon take. Wani shagon ado kawai yake sayarwa: riga, doki mai kyau, rawar da jarumi zai taka. Wannan ba ya cutar da kowa. Wani yana sayar da sauƙi, kamar jaka mai faɗi ko saurin ƙara mataki. Nan ana ja-in-ja. Na uku shi ne naka, wanda ke sayar da ƙarfi tsagwaronsa. A irin wannan wasa, kaso kaɗan na 'yan wasa ne ke kawo mafi yawan kuɗin shiga, masu sana'ar suna kiransu manyan kifaye. To mutumin da ya zuba kuɗi mai yawa, me zai ji daɗinsa idan babu wanda zai kayar? Kai da ire-irenka masu shiga kyauta, ku ne aka tanadar masa. Na san maganar ba daɗi, amma gara ka ji ta.

Ka duba allon wayarka da idon mai gyara, ba na ɗan wasa ba. Makonnin farko mataki yana ƙaruwa kamar ruwan Agusta, kyauta ta ko'ina. Daga nan sai abu ya fara nauyi, takobin da a da kake ƙara wa ƙarfi da dutse biyar yanzu yana neman ɗari. Daidai lokacin da aka kayar da kai sai wani akwati ya faɗo a tsakiyar allo, da agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin rangwame ya ƙare. Sannan ba da sefa ake rubuta farashi ba, da lu'ulu'u ne ko zinariyar wasa, kuma ƙunshin da za ka saya kullum yakan bar maka 'yar ragowar da ba ta isa sayen komai, don ka ƙaro. Ko kyautar shiga ta kullum, wadda ke sa ka ji kamar ka yi asara in ka tsallake dare ɗaya, igiya ce.

Akwatin sa'a kuwa, a nan nake so ka tsaya. Ka biya kuɗi na gaske, ba ka san abin da ke ciki ba, kana fatan abu mai daraja ya fito. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne a ƙarƙashin dokarta. Da wasan Diablo Immortal ya fito a 2022, ba a sake shi a Beljiyam da Holan ba saboda wannan batu. Fatawa ta malamai ce, ka tambaye su. Ni dai a matsayina na wanda ya san yadda ake gina abin, siffarsa siffar caca ce, kuma an auna shi ne yadda mai akwatin ba zai faɗi ba. Kada ka sa ko dala a ciki. Wanda ya kayar da kai ma ba ya gama ba ne, wata mai zuwa za a fito da sabon makami da zai mayar da nasa tsohon yayi.

Akwai wata muhawarar da ta fi ta kuɗi daɗewa, kuma ita za ta taimake ka zaɓen inda za ka koma. Wasu wasannin an shimfiɗa maka hanya ne, daga wannan aiki zuwa wancan, labari yana jan ka. Final Fantasy XIV, wanda ya faɗi warwas a 2010 aka rushe shi aka sake gina shi a 2013, gwani ne a wannan. Wasu kuma fili ne aka ba ku, ku 'yan wasa ku yi noma, ku yi ƙira, ku yi ciniki, ku yi yaƙi. EVE Online na ƙasar Aislan, tun 2003, shi ne uban wannan gida.

A cikin na biyun, wanda ya fi kusa da hannunka shi ne Albion Online, na wani kamfani a Balin, babban birnin Jamus. Ya koma kyauta a 2019, ya sauka a waya a 2021. Kusan duk makamin da ke cikinsa wani ɗan wasa ne ya ƙera shi, daga itacen da wani ya saro da ƙarfen da wani ya haƙo. Kowane birni da kasuwarsa da farashinsa, don haka za ka ga mutum ya ɗora kaya a kan bijimi, ya kama hanya daga birnin Martlock zuwa na Caerleon don cin riba, gabansa na faɗuwa saboda 'yan tare hanya. Duk wanda kakansa ya yi fataucin goro, ko ya san yadda direba ke lissafin hanya daga Ngaundere zuwa Kusiri, zai gane wannan wasa nan take. A yankuna masu haɗari, in aka kashe ka, duk abin da ke jikinka ya zama ganima. Shi ma ana iya sa kuɗi a sayi kaya masu tsada, ban ɓoye maka ba. Bambancin shi ne mai kuɗin yana iya rasa su cikin minti ɗaya a hannun yara biyar masu haɗin kai. Wannan tsanani ba kowa ke jure shi ba, tun a 2000 Ultima Online ya raba duniyarsa biyu don masu gudun a yi musu fashi su sami mafaka, kuma har yau tsofaffin 'yan wasan suna gardama a kan ko wannan ya ceci wasan ko ya kashe masa armashi.

Ni ra'ayina, abin da ke riƙe mutum a irin wannan wasa shi ne buƙatar juna. A ƙarshen 2009 World of Warcraft ya kawo wani maɓalli da ke haɗa ka da baƙi huɗu ku shiga kogon dodanni ba tare da ka yi wa kowa sallama ba. An sami sauƙi, amma zumunci ya yi rauni, domin wanda ba za ka sake gani ba, ba ka jin kunyarsa. Da kamfanin ya dawo da tsohon salon wasan a 2019, sai da mutane suka yi layi na sa'o'i kafin su sami shiga. Wahalar da ke tilasta maka neman abokin tafiya, ita suka yi kewa.

Sai batun da masu tsara wasa a Turai da Koriya ba sa tunawa da mu a kansa: nisa. Duk taɓawar da ka yi sai ta gangara kudu, ta shiga wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a Duwala da Limbe da Kiribi, ta kai ga babbar kwamfutar wasan, ta dawo. A wasan da ake kauce wa sara cikin ƙiftawar ido, an riga an cuce ka tun kafin a fara. In za ka shiga Albion, zaɓi sashen Turai da aka buɗe a 2024, ya fi kusa da mu. In kuma layinka yana yawan tsinkewa, gwada Old School RuneScape, wanda ke waya tun 2018. Duniyarsa tana motsi ne sau ɗaya a kowane kashi shida cikin goma na daƙiƙa, don haka ɗan jinkiri ba ya kashe ka a yawancin ayyuka, kuma ba ya dafa waya a zafin Maris ɗin Garwa. Yana da ɓangaren kyauta, kuma ana iya biyan kuɗin zama mamba da zinariyar da ka tara a cikin wasan.

Kafin ka goge wancan wasan, ka yi magana da mutum uku ko huɗu da kuka fi shaƙuwa a ƙungiyarku, ku ƙaura tare. Ku ba sabon wasan mako biyu ba tare da kashe ko sisi ba in ban da data, kuma ranar farko ka buɗe shagonsa ka karanta abin da yake sayarwa kafin ka zaɓi sunan jaruminka.