Ga ƙanwata da take zama a benci lokacin karɓar Jibi

Ɗaukaka ga Yesu, girma ga Maryamu.

Ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na share hawaye tukuna. Kin ce aurenku na gargajiya ne, maigidan yana ta ja miki rai a kan ɗaura shi a coci, don haka ba kya karɓar Jibi Mai Tsarki, wato Jikin Kristi da ake ba mu a Mas, kuma yanzu ko kin durƙusa a gaban Sakramen, wato Jibin da ake ajiyewa a coci, zuciyarki a bushe take. Kina neman littafin da za ki karanta. Ni ma shekaru na yi a wannan bencin, har na san ƙarar da yake yi idan kowa ya tashi ya bar ki ke kaɗai.

Dokar Ikilisiya ban taɓa faɗa da ita ba. Mutane ne suka kusa kore ni. Ranar Mas ɗin jana'izar mahaifiyata, muna zaune a layin gaba, akwatin yana nan kusa da ni har ina jin warin sabon fenti. Lokacin karɓa ya yi, ƙannena za su fita, sai na miƙe don in ba su hanya kawai. Wata babba a zumuntarmu ta lokacin, tana bayana cikin anko, ta miƙo hannu ta kama gefen zanina ta ja ƙasa, ta ce, "Ke kuma ina za ki? Wannan ba na masu zaman dadiro ba ne." Ba a kunne ta faɗa ba. Daidai lokacin mawaƙa sun ɗan tsaya suna neman lambar waƙa, coci ya yi tsit, layi uku suka ji. Ni da aka biya sadakina, iyayena suka sa albarka, aka kai ni ɗakina da rana tsaka! Zanin ya kusa kwancewa, na riƙe shi da hannu ɗaya na zauna. Ban yi kukan uwata a cocin nan ba, kunya ta shanye hawayen. A mota muna tafiya maƙabarta babbar 'yata ta ce, "Mama, mene ne dadiro?" Har yau ban amsa mata ba. Matar kuwa da yamma ta zo gida gaisuwa, ta ci shinkafa, ta ce in yi haƙuri da rashi, kamar ba ita ba. Na yafe mata, Fada ya sa na faɗa da bakina, amma idan na hango ta wajen ba da salama sai in ga hannuna ya yi nauyi. Ku yi mini addu'a a kan wannan.

Bayan haka na koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Wani tsohon katikis, Allah ya ba shi hutawa, shi ya lura. Bai yi mini wa'azi ba. Ya miƙo mini ɗan ƙaramin littafi da aka liƙe bangonsa da salatif, na Waliyi Alfonsus Liguori, wanda ya rubuta a 1745 a kan ziyarar Sakramen Mafi Tsarki. Ziyara 31 ce, kowace rana ta wata da tata, kowace ba ta fi shafi biyu ba. Shi za ki fara nema. A cikinsa akwai addu'ar tarayya ta ruhu, wadda kike gaya wa Yesu cewa tunda ba za ki iya karɓarsa da baki yanzu ba, ya shigo zuciyarki. Lokacin kullen korona a 2020 kowa ya koyi addu'ar nan a gaban talabijin, har masu yi mana kallon banza. Ni kam na riga na haddace ta tun tuni, kuma ban ji tausayin wasu ba sosai, gaskiya.

Batun bushewar zuciya, kada ki bari ya tsorata ki. Yesu yana cikin tabanakul, ɗan akwatin da ake ajiye Jibi a ciki, ko kin ji wani abu ko ba ki ji ba, jin ki ba shi ya ajiye shi a wurin ba. Waliyiya Teresa ta Lisiyo, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, ta rubuta a tarihin rayuwarta cewa barci yakan ɗauke ta wajen addu'a da wajen godiya bayan karɓa, kuma ba ta tayar da hankali, don yaro yana barci ma iyayensa suna sonsa. Uwa Teresa ta Kalkuta fa? Da aka buga wasiƙunta a 2007 duniya ta ga ta yi shekaru masu yawa cikin duhu, ba ta jin kusancin Allah, amma ba ta bar sujada ba. To ke wace ce da za ki ce naki ya lalace? Ki shiga, ki zauna, ki kalli jar fitilar nan da ke ci kusa da tabanakul. Idan tunanin kuɗin makaranta ya zo, ki gaya masa kuɗin makarantar.

Turancina ba mai yawa ba ne, 'yata ce take karanta mini wasu wuraren muna fassarawa tare. Saboda haka kada ki raina Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannunki. Yahaya sura 6, ki karanta a hankali har inda mutane da yawa suka juya baya, Bitrus ya ce wurin wa za mu je. Luka 24, mutanen nan biyu na hanyar Imuwasu da suka gane Yesu wajen gutsura gurasa. Sai 1 Sarakuna 19, inda Iliya ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa faɗa ba, ya ce ya tashi ya ci don tafiyar ta fi ƙarfinsa. Wannan na karanta shi har takardar ta yi baƙi.

Littafin Toma na Kempis, Imitation of Christ, kashi huɗu ne, na huɗun duka a kan Jibi yake. Yana da kyau, amma don 'yan zuhudu aka rubuta shi, yana da tsanani, kuma wasu wuraren za su ƙara miki jin cewa ba ki cancanta ba. Ki bar shi sai zuciyarki ta ɗan warke. Wasiƙar Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ta 2003 a kan Jibi ma haka, ki ajiye ta zuwa gaba. Gara ki nemi labarin Kadinal Van Thuan na ƙasar Biyetnam, wanda aka tsare shekara 13 daga 1975, tara a ciki shi kaɗai a ɗaki, yana yin Mas da ɗigo uku na ruwan inabi da ɗigo ɗaya na ruwa a tafin hannunsa. Ƙananan takardun nan kuwa da ake sayarwa a bakin ƙofar coci, masu cewa ki kwafi addu'a sau tara ki ajiye a benci buƙatarki ta biya, ki rabu da su. Ba koyarwarmu ba ce, masu injin kwafi kaɗai ke cin riba.

Amma ƙanwata, littafi ba zai ɗaura miki aure ba. Nawa maigidan ba ƙin coci yake yi ba, tsoron biki yake yi: sa, shinkafa, kanofi, farar riga, dangi daga ƙauye. Wa ya ce Ikilisiya ta nemi waɗannan? Fada da shaidu biyu ake bukata. Namu ranar Talata aka yi bayan Mas na safe, da atamfar da nake da ita, muka dawo gida muka sha kunu. Da Fada ya ce "Jikin Kristi", amin ɗin ma ya ƙi fita, sai kai na gyaɗa. Majami'u da yawa suna haɗa ma'aurata a ɗaura musu rana ɗaya, ki tambaya a ofishin cocinku. Idan kuma ya kafe ya ce ba zai tsaya gaban bagade ba sam, akwai hanyar da Bishop zai iya gyara auren ba tare da an sake yin alkawari ba, muddin yardar ku biyu tana nan kuma babu abin da ya hana. Ni ba wanda ya taɓa gaya mini wannan sai daga baya, kuma abin yana ci mini rai. Ki je wurin Fada da kanki, kada ki aika, kada ki bi ta kan matan zumunta.

Ba ki faɗa mana ba ko maigidan an yi masa baftisma, da kuma ko ɗayanku ya taɓa yin wani aure a baya. Fada zai fara da waɗannan tambayoyin, ki nemo katin baftismarki tun yanzu. Nawa sai da aka aika har cocin ƙauyenmu aka tono shi a rajista.