Likita na amsa tambayoyinku: ƙurar kuromiyam, hayaƙin walda da tukunyar sitenles

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ya shekara biyu yana aiki a wata masana'antar narka ma'adini kusa da Rustenburg a Afirka ta Kudu. Yana yawan haɓo, ga wani ɗan gyambo a yatsa da ya ƙi warkewa. Hankalin mahaifiyarmu ya tashi. Ko aikin ne? Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya kwantar wa Hajiya da hankali. Zarginki yana kan hanya. Yankin da yake, wato Bushveld, shi ne ya fi ko'ina a duniya arzikin dutsen da ake samun wani ƙarfe mai suna kuromiyam a cikinsa. Ana haƙo dutsen, a narka shi da gawayin kwal a manyan tandunan lantarki, a samu ferokurom, wanda da shi ake haɗa ƙarfen da ba ya tsatsa, wato sitenles.

Kuromiyam iri biyu ne ya shafe mu. Wanda ke cikin dutsen, mai lamba 3, cutarwarsa kaɗan ce. Amma idan zafin tanda ya haɗu da iska, wani ɓangare yakan rikiɗe ya koma mai lamba 6, ya bi ƙura. Wannan kam hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman ta huhu.

Ki tambaye shi siffar gyambon. Na kuromiyam zagayayye ne, mai zurfi, kamar an huda fatar da ƙusa, yakan fito a gaɓar yatsa ko gindin farce, kuma sau da yawa ba ya zafi. Rashin zafin nan ne ke sa a yi sakaci. Haɓon ya fi damuna, domin ƙurar tana cin bangon da ya raba ƙofofin hanci har ta huda shi. Ya je wurin likitan ma'aikata a wannan makon, a leƙa cikin hancin, a gwada fitsarinsa bayan tashi daga aiki, a duba numfashinsa. Ya riƙa wanka a can, kada ya shigo da kayan aiki ɗakin kwana. Idan yana shan taba, ya daina.

Ina jin kamfanoni suna ta alfahari da sake narka tsohon ƙarfe da rage hayaƙi, kuma abin a yaba ne. Sai dai ban manta da Sukinda ta Indiya ba, wadda a 2007 aka lissafa cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya saboda haƙar wannan dutse. Ni likita ne, lafiyar ma'aikaci da ruwan ƙauyensa nake fara dubawa.

Tambaya: Likita, ni mai walda ne a Kano, ina haɗa ƙofofi da makaran bene na sitenles. Maigidana ya ce mu riƙa shan madara bayan aiki tana wanke hayaƙin. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, madara ciki take tafiya, hayaƙi kuma huhu. Ba sa haɗuwa. Ka sha don ƙarin ƙarfi, amma ba ta kare ka daga komai. Wutar walda a kan sitenles tana fitar da kuromiyam mai lamba 6 da wani ƙarfe mai suna nikel, kuma tun 2017 aka sa hayaƙin walda a wancan rukuni na farko. Ka fito da aikin waje, ka tsaya yadda iska za ta ɗauke hayaƙin daga fuskarka. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci bai isa ba, sai takunkumi mai matata. Ka lura da yaran shago, su ne ke tsugunawa dab da wutar suna riƙe maka ƙarfe. Tarin da ya wuce mako uku a kai shi asibiti.

Tambaya: Na ji an ce tukunyar sitenles tana da guba. In zubar da tawa? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: A'a Hajiya, ci gaba da girkinki. Ƙarfen yana ɗauke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ne ke yi masa wani siririn rufi da ke hana tsatsa. Ɗan abin da ke shiga abinci ba mai lamba 6 ba ne. Idan ɗan kunne ko agogon ƙarfe na sa ki ƙaiƙayi, wataƙila jikinki ba ya son nikel, wanda shi ma akan same shi a cikin sitenles, don haka kada ki bar miyar tumatir ko kunun tsamiya su kwana a sabuwar tukunya.

Tambaya: Rijiyarmu tana kusa da magudanar da ke ɗauko ruwan masana'antun jima. Tafasa ruwan ya isa?

Amsa: Bai isa ba. Ana jeme fata da gishirin kuromiyam, kuma tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire ƙarfe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya ta ruwan sha. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta a kai ruwan ɗakin gwaji, kafin sakamako ya fito ku nemi na sha da na girki a wani wuri.